Arɗona Ya Karya Kumallo a Tsakiyar Teku

Arɗo, bawana na gado, barka da sauka. An ce ka iso lafiya, ƙafafunka biyu sun taka ƙasa, amma har yanzu in ka miƙe sai ka dafa bango, don a ganinka duniya lilo take yi. Sannu. Saƙonninka na murya duk sun shigo, guda goma sha ɗaya, kuma a rumfar mai shayin bakin tashar Gure na saurare su, na ƙure sautin waya don jama'a su amfana. Kada ka ji haushi. Ilimin da aka biya kuɗin jirgi aka samo bai kamata ya maƙale a kunnen Babarbare ɗaya ba.

Bari in sanar da masu karatu, tunda ba kowa ya samu zama a rumfar ba. Wannan Bafillatani nawa, wanda muka yi lakwal tare a nan Gure, ɗansa mai aikin jinya a Ingila ne ya aiko aka tafi da shi, ya kai shi tashar jiragen ruwa ta Sautamton, ya saka shi cikin irin jirgin nan na masu hutu. Ba fatauci ake zuwa ba, ba hajji ba, ba gaisuwar mutuwa ba. A shiga, a ci, a kwanta, a zaga teku, a dawo inda aka tashi. Bafillatani ya yi kwanaki yana yawo ba ko maraƙi a gabansa. A garinmu wannan sunansa ɓata. Kuma mutumin da ruwa mafi girma da ya taɓa gani shi ne tafkin Gidimuni, shi ma ta tagar mota a hanyar Damagaram, yau shi ne yake ba mu labarin igiyar ruwa.

Na zaci za ka dawo da labarin kifayen da suka fi raƙumi, ko yadda ake gane alƙibla a inda ba gabas ba yamma. Ina! Saƙo goma sha ɗaya, tara duk a kan karin kumallo ne. Wai ka gano babban sirri: Ingilishi da Amurkawa harshensu ɗaya, addininsu kusan ɗaya, amma da safe ba sa ga maciji. To, zauna in maimaita maka karatunka, in kuma gyara inda ka yi tuntuɓe, don bawa ba ya rasa gyaran ubangidansa.

Ka ce farantin Bature ɗan Ingila taron dangi ne: ƙwai soyayye, waken gwangwani cikin romon tumatir mai zaƙi-zaƙi, tumatir da aka raba biyu aka gasa, laimar kwaɗi, tsiran nama, burodi gasasshe, da yankan naman da suke kira bekon. Sai kuma wani baƙin abu zagayayye mai kama da ƙuli-ƙulin da ya ƙone, wanda ka kai hannu za ka ɗauka, ɗanka ya riƙe maka wuyan hannu. Allah ya yi wa yaron albarka. Jini ne aka dafa da kitse da hatsi aka ɗura a hanji. Na Ba'amurke kuwa, in ji ka, fanke ne faffaɗa, an jera uku ko huɗu bisa juna kamar faifai, an kwarara masa wani ruwa mai zaƙi, ga soyayyen dankali da aka goge a gefe, ga nasa bekon ɗin. Kuma a nan ne ka fi daɗewa, Alhaji guda. Ka yi minti shida kana bayyana mini cewa bekon ɗin Ingila daga gadon baya ake yankansa, mai faɗi ne, mai laushi kamar balangu, na Amurka kuwa daga ciki ake fitar da shi, siriri, layin kitse layin tsoka, a soya shi sai ya bushe yana karyewa kamar kilishin da ya kwana biyu a rana.

Arɗo, dabbar fa ɗaya ce. Wannan ya kama bayanta, wancan ya kama cikinta, kai kuma da ba ka da rabo ko a wutsiyarta ka tsaya a tsakiya kana alƙalanci. Duk kanwar ja ce, kuma in ana zancen kanwa ka san mutanen ƙasar Manga ake tambaya, ba masu bin saniya ba.

Amma zan ba ka gaskiyarka a wuri ɗaya: rigimar wake ta ba ni dariya har na ƙware da shayi. Ka ce wata dattijuwa Ba'amurkiya ta tsaya kan tukunyar wake tana yamutsa fuska, wai wa yake cin wake da sassafe, wani tsohon Ingilishi kuma ya cika farantinsa har yana zuba yana kallonta. Abin da su biyun ba su gaya maka ba shi ne, waken da Ingilishi suke tinƙaho da shi, wanda gwangwanin Heinz ya yi wa suna, kamfanin asalinsa na Amurka ne, daga birnin Pittsburgh. Waken kansa a gonakin Arewacin Amurka ake nomansa, a loda a jirgi a kawo Ingila, a dafa a ɗura a wata ƙatuwar masana'anta kusa da garin Wigan. Wato baƙo ne ya zo da guzurinsa, masu gida suka karɓe suka ce gadonsu ne, shi kuma baƙon ya manta har yana tambaya ko mene ne wannan. Da ka gaya wa dattijuwar cewa a ƙasar da ka fito, in ka cire Najeriya babu ƙasar da ta kai mu noman irin namu waken a duniya, kuma mu ma da shi muke buɗe ido. Sai dai mu ba ma barinsa yana iyo cikin romo. A surfa, a markaɗa, a buga, a jefa cikin mai, ya taso ja wur, ana ce masa ƙosai. Shi ma ya taɓa ƙetare wannan tekun, ba a jirgin hutu ba, cikin ƙwaƙwalwar bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma. Har yau ana soya shi a titunan Bahiya ta ƙasar Barazil.

Fanken nan kuwa da ka yi ta kwatanta mana kamar ka ga watan Sallah, ka san sunan da muke kiran namu da shi daga bakin Turawan Ingila muka aro shi? Muka karɓi sunan, muka dunƙule abin ya yi kumburi, muka bar musu shimfiɗaɗɗen. Ruwan zaƙin kuma ba zuma ba ne, kamar yadda ka zata a saƙo na huɗu. Ruwan wata bishiya ce ta ƙasar sanyi. A ƙarshen hunturu ake huda jikinta a tara, a dafa lita wajen 40 kafin a samu lita ɗaya, kuma mafi yawansa ba ma daga Amurka yake fitowa ba, daga lardin Kebek na Kanada ne. Tatsa dai ce, Arɗo, sana'arku, sai dai su itace suke tatsa, ba ya harbi.

Sai shayi. A nan rigimar tana da tushe, ba kamar ta alade ba. A shekarar 1773 mutanen Boston suka hau jiragen da suka kawo shayin Ingilishi da dare suka tuntsura akwati 342 na ganyen shayi cikin teku saboda haraji, daga nan aka kama hanyar yaƙin da ya raba su. Amurkawa suka zama mutanen kafe, Ingilishi suka riƙe butarsu. Shi ya sa, kamar yadda ka lura, jiragen da suke ɗaukar Ingilishi sukan ajiye butar lantarki a ɗakin fasinja, don mutumin Ingila in bai ga hanyar tafasa ruwa kusa da gadonsa ba ji yake kamar an kai shi gidan kaso. Shi kuwa Ba'amurke in ka ce ya ba ka shayi, sai ya miƙo maka ruwa mai ɗumi-ɗumi a kofi, ɗan ƙunshin ganye a gefe, ka ji da kanka. Ka ce ka sha na kowa, duka biyun ruwan wanke buta ne. A nan ban musa maka ba. Mutumin da ya saba da ganyen Sin a ƙaramar buta bisa gawayi, na farko mai ɗaci, na biyu daidai, na uku zaƙi zalla, ana ɗaga hannu sama kumfa na tashi, ba za ka ba shi ganye cikin tsumma ya yi maka godiya ba. Ko da yake, tsakani da Allah, ku da Buzaye kun mai da shayin nan abinci. Na sha ganin ɗan'uwanka ya wuni a kasuwar Gidigir ba abin da ya shiga cikinsa sai kofi uku da goro, yana tafe iska na kaɗa shi.

Yanzu ga abin da zai ɓata maka rai. Manyan kamfanonin jiragen da Ingilishi suke alfahari da su, Cunard da P&O, masu tutar Ingila da shayin la'asar da farar safar hannu, sun daɗe a hannun Carnival, wanda hedikwatarsa take Mayami ta Amurka: Cunard tun 1998, P&O tun 2003. Garke biyu ne, mai shanu ɗaya. Su tsaya a layi suna gardamar baya da ciki, kuɗin kuwa aljihu ɗaya yake faɗawa. Hausawa sun ce inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa, kuma ban san inda ya fi tsakiyar teku rashin ƙasa ba.

To, mu zo ga tambayar da duk rumfar mai shayi ta yi da baki ɗaya bayan saƙo na tara: shi me ya ci? Ka yi shiru a kan wannan, amma ɗanka ya gaya wa ɗana. Ranar farko ka shiga ɗakin cin abinci ka tarar da mutane fiye da masu sallar Idi, maza da mata, surukai da 'ya'ya, kowa da faranti a hannu yana bin layi yana ɗiba da kansa, yana tauna a gaban kowa. Fulaku ya motsa. Kai da ko a gidan buki sai an kai maka ƙwarya bayan ɗaki, ka juya baya, ka ci loma uku ka ce ka ƙoshi! Sai ka ce wa yaron azumi kake. Azumin nafila a jirgin da aka riga aka biya kuɗin abincin kwana bakwai. Da Babarbare aka kai, wallahi sai kamfanin ya sake lissafi.

Rana ta biyu yunwa ta ci ƙarfin kunya, ka je wurin mai suyar ƙwai. Ya tambaye ka yaya kake so: a bar ƙwaiduwa tana kallon sama, ko a juya, in an juya ta dahu ko ta rage ruwa-ruwa, ko a dagargaza, ko a fasa cikin tafasasshen ruwa? Ka ce masa ko yaya. Ya sake tambaya. Ka ce yadda ya gani. Layi ya tsaya, mutum ashirin a bayanka. Ai ban ga laifinka ba. Ku ƙwai ba ci kuke yi ba, na zabi kuke tarawa a ƙwarya da damina ku kawo mana mu saya. A rana ta uku ka gano wata tukunya a can ƙarshen layi, wadda tsofaffi marasa haƙori suke zagayewa: kunun hatsin nan da muka sani da sunan Quaker. Kusa da ita ga madara mai sanyi a tulun ƙarfe, ga kindirmon Turawa a 'yan ƙananan robobi. Nan ka kafa ruga har aka sauka. Jirgin sama biyu, jirgin ruwa ɗaya, biza, fasfo, rigar sanyi, duk don ka je ka sha kunu da nono.

Da ka yi shawara da ni, da na gaya maka cewa ka makara da shekaru kusan ɗari biyu. Jirgin farko na kamfanin Cunard, mai suna Britannia, da ya tashi daga Libaful ranar 4 ga Yuli 1840 ya nufi Halifas da Boston, da saniya a cikinsa, rayayya, a ɗan garkenta bisa bene, ana tatsarta don fasinjoji su samu madara, tunda ba firji a lokacin. Ka ga aikin da ya dace da kai. Da a wancan zamanin ka zo, ba fasinja za ka shiga ba, ma'aikaci za a ɗauke ka, har da albashi. Yanzu kuwa jiragen sun zama garuruwa. Wanda ake kira Icon of the Seas, da ya fara aiki daga Mayami a 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata fiye da dubu biyu, ya fi ƙauyuka da yawa tsakanin Gure da Kelle yawan jama'a, kuma babu ko akuya a ciki. Ban san yadda ka yi barci ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ka tafi uwa duniya neman abin da ka baro a bakin tasha. Teburin da na zauna na saurari saƙonninka, kullum da asuba ana wannan shari'ar a kansa, kafin motocin Difa da na Damagaram su tashi. Ga ɗan Nijar, jikan lakwal, mushe ko ma'aikacin gwamnati: a tsaga masa dogon burodin nan irin na Faransa, a shafa mayones, a cusa wainar ƙwai da albasa, a kaɗa masa Nescafé da madarar gwangwani a ɗan kofi, ya ci a tsaye. Ga kuma ɗan kasuwar da ya hauro daga Nguru ko Gashuwa: shi sai an kawo masa burodi mai laushi mai zaƙi wanda ake matsewa a tafin hannu ya koma loma ɗaya, da kofi mai girman bokiti, Lipton da Bournvita da madara, a yi ta sheƙa shi daga wannan moɗa zuwa waccan, a ƙara da Indomie biyu da ƙwai uku. Wannan ya ce burodin wancan soso ne, wancan ya ce na wannan sanda ce ta korar kare. Faransa da Ingila sun tafi tun 1960, amma kowace ta bar burodinta yana yi mata gadi. Su biyun kuma in mai koko ta sauke tukunyarta a gefe, ƙosai na ƙamshi, sai ka ga an manta da tuta an miƙa kwano.

Na san abin da kake shirin mayar mini, don na san bakinka tun muna aji uku. Za ka ce Babarbare ba shi da ta cewa a zancen karin kumallo, mutumin da yake tashi da ɗumamen burabuskon jiya da miyar kuka, ya bi da kunun kanwa, ya fito yana ƙamshin turaren wuta kamar an buɗe kantin Larabawa, fuska duk zane kamar gonar da aka yi wa huɗa. Na ji, na karɓa. Amma ɗumamen nan shi yake riƙe mutum daga asuba har la'asar a cikin kwari, ana ban ruwa, ana hawan dabino, ana kwasar kanwa a rana. Naku fa? A dama fura a sha a tsaye, kafin hantsi ciki ya koma yana kiran sunan Allah. Geron furar ma namu ne. Za ka ce nonon naku ne. To, ai shi ya sa muka ajiye ku.

Kuma kada ka ɗauko mini tsohon zancen nan na 1808, wai kun shiga Birnin Gazargamu. Kun shiga, ba mu musa ba. Shehu Laminu ya zo, kuka fita ba ku ko tsaya karya kumallo ba. Ka kuma tuna cewa mu ba mu taɓa biyan kuɗi don mu je kallon Turawa ba. Su suka zo kallonmu. A ƙarshen 1852 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda gwamnatin Ingila ta aiko, mai kiran kansa Abdulkarim, ya taso daga Kukawa ya bi ta nan Gure ya gai da sarkinmu Muniyoma kafin ya wuce Damagaram. Da ƙafar dokinsa ya zo, ba wanda ya aika masa biza.

Ni a ganina, Arɗo, mutanen nan biyu da ka gani, Ingilishi da Amurkawa, taubasai ne da ba a gaya musu ba. Kaka ɗaya, an yi yaƙi, an raba gida, yanzu an koma tsokanar juna a kan wake da shayi. Abin da ya rage musu shi ne su san ƙa'ida: wanda aka tsokana ba ya fushi, ba ya kiran manaja, ba ya rubuta takardar ƙorafi. Namu wasan har UNESCO ta sa shi cikin kundin gadon duniya a 2014 da sunan Nijar. In ɗanka zai sake kai ka, ka gaya musu akwai Babarbare a Gure da zai koya musu, a biya shi da kuɗin Ingila, ya zo da bawansa mai riƙe masa jaka.

Tsarabarka ta iso, na gode, ko da yake na san ba da niyyar alheri ka aiko ta ba. 'Yar baƙar kwalba mai rawayan murfi, an rubuta Marmite. Ka ce Ingilishi suna shafa shi a burodi, Amurkawa kuwa in sun ɗanɗana sai sun nemi ruwa. Yara suka ce man takalmi ne. Ƙanena ya ce maganin ciwon baya ne. Uwargida ta buɗe ta shinshina, ta lakata a harshe, ta ce ku tafi can, daddawa ce, ta jefa rabin cokali a miyar kuka. Arɗo, miyar ta yi daɗi. Sai daga baya na gano cewa daga yis ɗin da ya rage a masana'antar giya ake yinsa, a garin Burton, tun 1902. Na kai wa malamin unguwarmu ragowar ya duba hukuncinsa. Yau kwana tara, bai dawo da fatawa ba, bai dawo da kwalba ba.

Watan Cika-ciki na tafe, kuma kuɗin sharata na bara ma ba ka biya ba, ka fake da cewa kana shirin tafiya. Bana ba na karɓar sefa, fam nake so, tunda ka zama mutumin Ingila. Ka zo da kanka, da sassafe, ka taho da ƙwaryar kindirmo da man shanu. Za a ajiye maka ɗumame a bayan ɗaki, inda ba mai ganinka, kuma na riga na gaya wa yara kada kowa ya tambaye ka yadda kake son ƙwanka.